Na fake da azumi don in rage ƙiba, ɗiyata ta kwanta asibiti

Assalamu alaikum, Edita da masu karatu. Lokacin da abin nan ya faro ni budurwa ce a Kankia, na gama sakandare ina zaune gida, ina taya mahaifiyata suyar awara da take sayarwa a ƙofar gida da yamma. Mu gidanmu jiki gare mu. Mama ƙatuwa ce, yayyenta ma haka, ni kuma tun ina firamare na fi kowa cika benci. A makaranta Tanka suke ce mani, har malamai wani lokaci, kuma ban cika damuwa ba, nakan rama da baki a wuce wurin. Ranar da abin ya fara shiga raina ita ce ranar da muka kai ɗinkin anko na bikin wata ƙawarmu. Tela ya gwada ni a gaban 'yan ajinmu, ya dubi atamfar, ya ce wannan ɗinkin da suka zaɓa ba zai fita a jikina ba sai an ƙaro yadi. Aka yi dariya, ni ma na yi. Bayan biki sai aka yi ta yawo da bidiyon rawar da muka yi, na ga kaina a tsakiyar fili, na kuma karanta abin da mutanen da ban sani ba suka rubuta a ƙasa. Daga ranar na daina rawa a biki.

Wata ƙawata ce ta saka ni a wani guruf na waya, na mata masu son rage ƙiba. Mai guruf ɗin wata Hajiya ce da ban taɓa ganin fuskarta ba, muryarta kawai muka sani. Ita ke aiko da wani shayi a leda, a ba direba ya kawo tasha ka je ka karɓa. Dokarta ba tuwo, ba shinkafa, ba fura, ba abin da aka soya. Kabeji, kokwamba, dafaffen ƙwai, ruwan ɗumi da lemun tsami da safe, shayin kuma da dare. Shayin yana sa mutum zarya bayi, amma a guruf an ce mana kitse ne ke fita. Duk Juma'a kowa ta tura hotonta a yaba mata ko a yi mata faɗa. Na bi dokar nan kamar addini. Ina zaune gaban kaskon awara hayaƙi na shiga hancina ban taɓa ko ɗaya. Cikin watanni na zube. Mama ta tsorata, ta kai ni aka auna jinina, maƙwabta suna tambayarta a ɓoye ko wani ciwo nake. Amma 'yan ajinmu da suka yi dariya su ne suka dawo suna tambaya mi nake sha. Hajiya ta haɗa hotona na da da na yanzu gefe da gefe, ta rufe fuskata da hoton fure, ta sa a tallarta. Na yi murna ƙwarai a lokacin.

A wannan jikin mijina ya gan ni. Mutumin Kusada ne, malamin firamare, da damina kuma yana noma gonar gidansu ta wajen Dudunni. Ni na so shi, shi ma ya so ni, aka yi biki lafiya. Abin da ban taɓa gaya mashi ba shi ne bai san ainihin ni ba. Bai taɓa ganin Tanka ba, hotunana na makaranta duk na goge su. Kayan lefe an ɗinka su daidai siririyar da ya gani, kuma kullum ina jin kamar aron jikin na yi, wata rana za a zo a karɓa.

Ban daɗe ba na samu ciki. Da ya tsufa aka maido ni Kankia goyon ciki, tunda haihuwar fari ce, na haifi ɗiya mace ana saura kaɗan a ɗauki azumi. Aka sa mata sunan uwar mijina, wadda muke ce wa Inna, shi ya sa ni bakina ba ya iya faɗin sunan, Inna kuwa takwara take ce mata. Duk watan Ramadan ina jego. Wanda ya san jegon fari a gidan iyaye ya san abin da nake nufi. Wankan ruwan zafi safe da yamma, kana fitowa ga kunun kanwa a kwano, ga gasasshen nama da yaji, ga ƙaurin da dangin miji suka kawo ana ta ɗumamawa, ga tuwo da man shanu. Mutanen gida na azumi, ni ina ci da rana tsaka. Mama na zaune kaina sai ta ga ƙasan kwano, tana cewa ba don ni take ba, don 'yar jaririyar ce. Ba zan ɗora mata laifi ba. Gaskiya ita ce na ci, na ci kamar wadda aka sako daga kurkuku. Yunwar da na danne tun ina budurwa ita ta taso gaba ɗaya. Kafin in yi arba'in na koma yadda nake da, har na wuce.

Bayan ƙaramar Sallah aka mai da ni Kusada. Na buɗe akwati, babu rigar da ta wuce kafaɗata. Mijina da ya gan ni dariya ya yi, ya ce lallai sai ya je ya yi wa Mama godiya ta musamman, ya ba da mata ɗaya an maido mashi da ɗaya da rabi. Da wasa ya faɗa, har yana jan kumatuna, kuma na san har ransa ba ya nufin komai. Inna kuwa cewa ta yi yanzu na yi kama da matar gida, da can kamar iska za ta ɗauke ni. Ni ban ji ko ɗaya a matsayin yabo ba. A cikin satin nan ina duba waya sai na ci karo da tallar Hajiya, har lokacin hotona take sawa, fure a fuska, siririya a dama, ƙatuwa a hagu. Na daɗe ina kallon ta hagun. Ita ce ke zaune bakin gado riƙe da wayar. Na yi wa Hajiya magana na ce ina son shayi. Ban ce mata ina shayarwa ba, ita ma ba ta tambaya ba.

Matsalar ita ce gidan mijina ba gidanmu ba ne. Tukunya ɗaya ake ɗorawa, kuma ni da Inna a tire ɗaya muke ci. Ba yadda za a yi in ce mata ba na cin tuwo, in zauna da kabeji a gabanta. Ita da ke turo mani nama gefena tana cewa in ci takwara ta samu nono. Na yi kwanaki ina tunanin yadda zan yi, sai dabara ta zo mani, kuma wallahi a lokacin har daɗi na ji da wayona. Ana bina azumin wata guda cur. Na ce wa Inna zan fara ramuwa. Ta ce haba 'yar nan, mai goyo ai an yi mata sauƙi, in bari yarinya ta yi ƙwari, shekara na da tsawo. Mijina ma ya ce haka, har ya kawo mani abin da malamai suka faɗa. Na sunkuyar da kai na ce ina tsoron in mutu da bashin Allah a wuyana. Suka ƙyale ni. A garinmu ba wanda zai buɗe baki ya hana mutum azumi, balle ya ɗura mashi abinci da rana. Na san haka, shi ya sa na zaɓe shi.

Haka na fara. Sahur nakan tashi in yi motsi da kwanoni don a ji, in sha ruwa in koma. Da magariba in ce wa Inna mai azumi ba ya son a zuba mashi ido, in ɗauki kwanona in shiga ɗaki. A can zan ci kokwamba, wani lokaci da ƙwai ɗaya, in sha shayin. Tuwon kuma in an kwana biyu da shi a ƙarƙashin gado ba daɗi, don haka da sassafe nake juye shi a kwatarniyar dusar awaki. Awakin Inna sun yi kyau a daminar nan, har mutane na tambayarta mi take ba su. Da na gama ramuwa ban tsaya ba. Na ce Litinin da Alhamis, daga nan na ce ai akwai falala a yi yau a huta gobe, ranar hutun ma sai in ce cikina bai saba ba, in ɗan taɓa in tashi. Damina ta kankama, mijina daga makaranta sai gona, ba ya dawowa sai ya gaji liƙis. Inna ta shiga yabona a unguwa. Duk matar da ta shigo sai ta ce mata ta zo ta ga yaran zamani na kirki, ga goyo ga ibada. Ina jin ta daga ɗaki.

Jiki ya fara sauka. Zanina ya fara zagayowa yadda yake da. Ranar kasuwa nakan bi ta wani kemis mai sikeli in hau, in sauko da farin ciki. Ina ganin jiri in na sunkuya ɗibar ruwa, bakina kullum a bushe, amma na san wannan tun karon farko, a guruf ana ce mashi alamar aiki na ci. Abin da ban saba da shi ba shi ne ƙirjina. Da nono har jiƙa mani riga yake, sai ya zama yarinya ta kama ta daɗe tana ja, ta saki ta yi kuka, ta sake kamawa. Ta fara zawo mai ruwa-ruwa. Inna ta ce haƙori ne ke tafe. Da kukan ya yi yawa ta ce a fara ba ta koko, aka fara, tana da wata huɗu ko ƙasa da haka. Zawon ya ƙaru. Sannan a hankali kukan ya ragu, har ya zama ba ta yi sai ɗan ƙugi kamar na mage. A kwantar da ita a tabarma ta kwanta, ƙuda na sauka a fuskarta ba ta kore shi. Mata suka ce kai, wannan yarinya akwai haƙuri, ta ɗauko uwarta.

Akwai wani abu kuma da ya taimaka mani na ɓuya. Ɗiyar fari ce, kuma a wajenmu uwa ba ta rawar kai da ɗan fari a gaban surukai. Ba ka ɗaukarta kana wasa da ita, ba ka cewa duba mani yarinyar nan, in an yi maganarta ma sai ka kau da kai. Inna ke mata wanka, Inna ke goya ta, ni sai in an miƙo mani ita shan nono. Duk wanda ya ga ban kallonta sai ya ce kunya ce, ya ce an yi mani tarbiyya. To amma a ɗaki, mu biyu, ina kallonta. Na ga haƙarƙarinta. Na ga fatar ɗuwawunta ta yi laushi ta zubo kamar wandon da ya yi wa yaro yawa. Na ga gashinta da aka haife ta da shi baƙi wuluk ya koma ja, yana fita a hannu. Ba zan ce ban sani ba, kuma ba zan ce na sani ba. Abin da nake ce wa kaina kullum shi ne bari in ƙarasa wannan satin, in rigar nan mai ruwan goro ta shige ni zan daina. Ta shige ni, na ce saura ta leshi.

Inna ba makauniya ba ce, ta ga takwararta na lalacewa. Wata safiya ta ce ko nonon ne ya ɓaci, bari a gwada irin na da. Ta kawo ludayi ta ce in tatsa. Na tatsa, na tatsa, abin da ya fito bai rufe gindin ludayin ba. Ta samo tururuwa a gindin bango ta jefa ciki, muka zuba ido. Tururuwar ta yi iyo ta fito ta kama gabanta. Inna ta yi hamdala ta ce nono lafiyarsa lau, ƙaranci ne kawai ya yi. Ta roƙe ni, roƙo na gaske, in ajiye azumin nan haka. Na ce to, saura kaɗan. Ranar da kanta ta tare mai tallar nono a ƙofar gida, ta dama mani fura mai kauri ta sahur, ta kuma yi kunun gyaɗa. Na karɓa da hannu biyu na yi godiya. Da safe awaki suka sha. Ina tsaye ina kallonsu suna sha, ban ji komai a raina ba, kuma wannan rashin jin shi ke ba ni tsoro in na tuna yanzu.

Sai ga yarinya ta fara cika. Ƙafafunta suka yi ɓul-ɓul, bayan hannunta ya tasa, kumatu suka fito. Inna ta yi murna kamar an yi mata albishir da kujerar Makka. Ta goya ta ta zaga maƙwabta tana cewa ku zo ku ga takwara ta fara ƙiba, furar da uwarta ke sha ce ta fara aiki. Ni ma na yarda, don ina son in yarda. Na ce wa kaina ashe kokon ya karɓe ta, ashe ba abin da na yi mata.

Ranar allurar rigakafi muka tafi ƙaramin asibitin garin, Inna na goye da ita, ni ina biye da kati. Da layi ya zo kanmu nas ɗin ta kwance zanin goyon, ta dubi yarinyar, ba ta ɗauki allurar ba. Ta sa babban yatsanta ta danna bayan ƙafar ta ɗan riƙe, ta ɗaga. Wurin ya lotsa, ya zauna a lotse kamar an danna tuwo mai sanyi. Ta danna ɗayar, haka. Ta ce wa Inna wannan ba ƙiba ba ce, kumburi ne, tamowa ce ta yi nisa, yau ɗin nan za mu wuce babban asibiti a Kankia. Ta juyo ta tambaye ni ko ina samun abinci sosai. Kafin in buɗe baki Inna ta amsa, da alfahari a muryarta, ta ce abinci sai wanda ta ture, ai baiwar Allah ce, azumi take. Nas ta ce tun yaushe. Inna ta fara lissafi da yatsu, ta ce tun bayan Sallah ƙarama, sai ta tsaya, don ita ma a lokacin ta ji tsawon abin a bakinta. Mun riga mun yi Babbar Sallah, gero ya fara fitar da kai. Nas ta dube ni kawai ta rubuta takarda.

Aka kira mijina daga gona. Ya iske mu a tasha da laka har gwiwa, bai ko wanke ba muka shiga mota. A asibiti aka karɓe ta da sauri, aka sa mata roba ta hanci ana ɗura mata wata madara kaɗan-kaɗan, aka ce jikinta ya yi sanyi, in rungume ta a ƙirjina fata da fata in rufa. Wannan ne karo na farko da na riƙe ta a gaban Inna ba don shan nono ba. Ba ta da nauyi. Likita ya ce kwanakin farko su ne masu haɗari, mu yi ta addu'a. Ɗakin cike yake da mata da 'ya'yansu, yawancinsu daga ƙauyuka, don lokaci ne da rumbu ya ƙare sabon hatsi bai iso ba. Wadda ke gadon kusa da ni daga wajen Sukuntuni ta zo, ɗanta namiji, ya fi tawa girma amma bai fi ta nauyi ba. Ta tambaye ni ko mu ma hatsinmu ya ƙare ne tun kafin Sallah. Na sunkuyar da kai. Ta ɗauka kunya ce, ta ce ba komai, kowa haka yake bana, ta kwance ƙullin dafaffen rogo ta raba biyu ta ajiye mani rabi a gefen gado. Bayan kwana kaɗan na je wanka na dawo na ga an cire zanin gadonta, ba ita ba yaron. Ban tambayi kowa ba.

Mama ta zo tun ranar farko da kwanonin abinci. Ba ta daɗe tana kallon jaririyar ba, ni ta kalla. Ta kalli wuyana, ta kalli ƙashin kafaɗata, ita da ta sallame ni a cike. Ta san wannan ramar, ta taɓa ganin irinta. Ta bari har Inna ta idar da sallah ta zauna, sannan ta ce a hankali, "Shayin nan kika koma sha?"

Na ce eh.

Inna ta ce, "Wane shayi kuma? Yarinyar da ke azumi?"

Na ce, "Inna, ba don Allah nike yi ba. Don in rame nike yi."

Na faɗa masu duka, da murya ɗaya, kamar ina karanta labarin wata. Kokwamba, guruf, kwatarniyar awaki. Mama ta rufe fuska da mayafi. Inna ba ta yi salati ba, ba ta zage ni ba. Ta kalli robar da ke hancin takwararta, sannan ta ce, "Har furar?" Na ce har ita. Ta gyaɗa kai. Ta miƙa hannu ta buɗe kwanon da Mama ta kawo, ta turo shi gabana, ta zauna tana kallona har na cinye. Mijina Mama ce ta gaya mashi a waje. Da ya shigo ya tsaya a ƙarshen gado ya tambaye ni ko ya taɓa ce mani ƙibata ta dame shi. Na ce a'a. Ya ce to wa ya ce. Na duba, na rasa sunan mutum ɗaya da zan ba shi.

Allah ya yi da sauran kwananta. Kumburin ya sace, sai ainihin ramar ta fito, na ga abin da na yi ƙuru-ƙuru. Daga baya ta fara karɓar madara a kofi, aka cire robar, aka koma ba ta wannan gyaɗar ta leda da ake ba masu tamowa. Nas-nas suka ce in ci abinci, in sha ruwa, in riƙa sa ta a nono ko ba komai, zai dawo. Ya dawo, ko da bai kai na da ba. Likita ya ce mani ba azumi kaɗai ba ne, har da shayin da ke wanke ciki, da kokon da aka fara da wuri, da zawon da aka bari ya daɗe. Ina jin ya faɗa ne don ya rage mani nauyi. Ni na san wanne ya jawo wanne.

Yanzu ta haura shekara. Tana ci, tana dariya, gashinta ya dawo baƙi. Amma ba ta tsaya ba har yau. Sa'o'inta a unguwa suna gudu, ita sai ta kama turmi ta ɗan ɗaga ta koma ta zauna. A asibiti sun ce mu ba ta lokaci, wasu yaran haka suke ko ba su yi ciwo ba. Ba wanda zai iya ce mani tabbas ba ni ba ce. Ni kuma na koma Tanka, har na fi da. Inna ta daina yabona a unguwa, ba ta kuma taɓa faɗa wa kowa abin da ya faru ba, mutane sun ɗauka zawon haƙori ne. Muna ci tire ɗaya kamar da, sai dai yanzu ba ta tashi sai na tashi. Mijina yana mani magana lafiya, amma ya daina wasa da kumatuna. Na fita daga guruf ɗin, na ce wa Hajiya ta cire hotona, ban duba ba ko ta cire. Na tambayi malamar Islamiyya matsayin azumin da na yi, ba tare da na ce ni ce ba, ta ce wanda aka yi wa azumin shi ya san niyyar, mai tambaya ta yi istigfari ta sake ramawa bayan yaye. Ramadan da ya wuce ban yi azumi ba saboda shayarwa, kuma ina tsoron ranar da zan sake cewa na ɗauki niyya, don ban san ko za a yarda da ni ba, ban san ko ni zan yarda da kaina ba. Abin da ban gaya wa kowa ba sai ku shi ne tunanin bai tafi ba. Wani lokaci ina tsakiyar cin tuwo sai in ji wata murya na cewa ya isa haka, ajiye. Ina jin ta, ina ci gaba da ci.

Ban rubuto don a tausaya mani ba. Har yau ban yi kuka a kan abin nan ba, ko a asibiti ban yi ba, Mama ta ce zai zo. Na rubuto ne saboda na san ba ni kaɗai ce a guruf ɗin nan mai goyo ba. 'Yar'uwa, in kina shayarwa, jikinki ba naki ba ne ke kaɗai, duk abin da kika hana cikinki wani kika hana. In ƙiba ta dame ki, ki bari ki yaye, ki je asibiti ki tambayi wanda zai ga fuskarki ya auna jininki, ba wadda za ta aiko maki leda a mota ba. Kada ki sa sunan Allah a gaban abin da ba don shi kike yi ba, domin mutanen da ke sonki za su ja baya su ƙyale ki, kuma a lokacin ne kika fi buƙatar a hana ki. Ku kuma iyaye da mazaje, in mai goyo ta ce azumi take wata da watanni, ku zauna ku ga buɗa-bakinta da idonku, ba rashin kunya ba ne. In jariri mai kuka ya yi shiru, ko ramamme ya cika dare ɗaya, kada ku tsaya yaba shi, ku kai shi a duba. Ina roƙon duk wanda ya karanta wannan ya sa ɗiyata a addu'a, Allah ya ɗaga ƙafafunta ta taka.